Mun tara sefa miliyan 3 don farfaɗo da garinmu, me za mu yi da su?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ne magatakardan ƙungiyar 'yan asalin garinmu, wani gari a yankin Mora na ƙasar Kamaru, ba nisa da iyakar Nijeriya. Tun da rikicin Boko Haram ya kashe hanyar Banki kasuwarmu ba ta koma yadda take ba, samari duk sun watse Marwa da Yawunde. 'Yan'uwanmu na birni sun yi karo-karo, mun tara sefa miliyan 3. Yanzu kai ya rabu: wasu na cewa a sayi injin niƙa, wasu sabon famfo, wasu a gina shaguna a bakin kasuwa, wasu kuma a ajiye kuɗin har wata ƙungiyar agaji ta zo ta ƙara mana. Akwai famfo biyu da aka taɓa gina mana, duka sun mutu. Me za mu yi wanda zai ɗore?"

Wa'alaikumussalam ƙanena, Allah ya yi wa wannan zumunci naku albarka. Na karanta saƙonka sau biyu, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar da ka saka daga ƙarshe kamar ba komai ba: famfo biyu, duka sun mutu. In na fahimce ka da kyau, tambayarka biyu ce a haɗe. Kana so ka san inda za a zuba miliyan ukun nan su haifar wa gari kuɗi, kana kuma tsoron kada abin da za ku yi ya bi sahun famfunan can. Na shafe fiye da shekara ashirin ina aiki da ƙungiyoyin manoma tsakanin Garwa, Marwa da ƙauyukan Mayo-Sava, gundumar da Mora take ciki, don haka zan gaya maka abin da idona ya gani, ko da ba zai yi wa wasu daga cikin dattawanku daɗi ba.

Abin da ya sami kasuwarku

Garuruwan da ke kan wannan layi hanya ce take ciyar da su. Kaya kan taso daga Maiduguri, su bi ta Bama, su faɗo Banki da Amchide, su shigo Mora, daga nan wasu su yi kudu zuwa Marwa, wasu su yi arewa ta Waza da Dabanga har Kusiri, su haye gada su shiga Njamena. Duk motar da ta tsaya sai ta bar wani abu: mai shayi ya samu, mai tuwo-tuwo ta samu, mai faci, 'yan dako, 'yan canji, mai sayar da zuwa-zuwa (fetur ɗin da ake shigowa da shi daga Nijeriya ta bayan fage) a kwalba, kowa ya lasa. A 2014 Bama da Banki suka faɗa hannun 'yan Boko Haram, aka rufe iyaka, aka taƙaita zirga-zirgar babura a ƙauyukan jihar Arewa Mai Nisa. Fatake ba su zauna jira ba, suka nemi wasu hanyoyin ta Mubi da Yola. An sake buɗe hanyar daga baya, amma ɗan kasuwan da ya yi shekaru yana bin wata hanya, ya yi sababbin abokan hulɗa da sabon masauki, ba rana ɗaya yake juyowa ba.

Sai kuma 2023. A ranar 29 ga Mayu Nijeriya ta cire tallafin man fetur, a watan Yuni aka saki Naira ta nemi farashinta a kasuwa. Zuwa-zuwa ya yi tsada, mai lambun albasa da ke ban ruwa da inji ya ji a jikinsa. Naira kuma ta yi rauni a gaban sefa, wadda ke ɗaure da yuro, ta yadda ɗan Nijeriya da ke zuwa sayen dabba ko wake a wurinmu ya ga kayanmu sun fi ƙarfin aljihunsa.

Na kawo wannan tarihi ne saboda masu maganar shaguna. Kasuwarku masu saye ta rasa, rumfuna kuwa na tabbata akwai waɗanda babu kowa a cikinsu yanzu haka. Shago ba ya kiran mai saye. In kuka zuba kuɗin a bulo da kwano, za ku samu ginin da za a ɗauki hoto a tura wa 'yan'uwa na Duwala, bayan shekara a mai da shi ɗakin ajiye kara.

Ku fara gano inda kuɗin gari ke zurarewa

Ga aikin da nake sa kowace ƙungiya ta yi kafin ta taɓa ko sisi. Ku sa samari biyu su zauna a tasha ranar kasuwa da littafi, mako huɗu a jere. Su rubuta abin da ke fita daga gari da abin da ke shigowa, da farashin kowanne. Ku kuma zauna da tsofaffin 'yan kasuwa da mata masu awo su gaya muku farashin buhun dawa, wake, gyaɗa da albasa wata-wata a shekarun nan uku da suka wuce. Suna riƙe da shi a ka, fiye da yadda kake zato.

Kusan ko'ina na yi wannan abu ɗaya ake gani. Dawar damina kan fita a Oktoba da Nuwamba, masakwa, wato dawar rani, a Janairu da Fabrairu, lokacin da kowa ke saidawa kuma farashi ya faɗi ƙasa. Manomi ya san an karya shi, amma kuɗin makaranta ya taso, ga bashin taki, ga biki, ga mara lafiya. A Yuli da Agusta, rumbu ya zama wayam, ana tsakiyar noma, sai dawar nan ta dawo daga sito na birni da tsada, shi wanda ya noma ta ya ci bashi ya saye ta, ko ya bar gonarsa ya tafi ƙodago a ta wani don ya samu na awo. Bambancin farashin kaka da na tsakiyar damina kuɗi ne na garinku, kuma kowace shekara mota ke kwashe shi ta fita da shi. Haka gyaɗa ke fita ɗanya ta dawo mai a jarka. Haka albasa ke fita a Maris da Afrilu a wulaƙance, alhali wajen Nuwamba da Disamba ana nemanta ido rufe a Yawunde da Duwala, har Gabon.

Shawarata: rumbun haɗin gwiwa

Da ni ne, kaso mafi girma na kuɗin nan rumbu zan sa. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. A shekarun 1990 shirin raya karkara na DPGT da ya yi aiki tare da kamfanin auduga na Sodecoton ya yaɗa rumbunan haɗin gwiwa a jihar Arewa Mai Nisa, har aka kafa ƙungiyoyin manoma masu ajiyar hatsi da ake kira APROSTOC. A Nijar ma hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta yaɗa irin wannan tsari na jinginar da amfanin gona tun wajen 1999. Tambayi dattawan da suka yi noman auduga, za ka samu wanda ya taɓa sa buhunsa a irin wannan rumbu.

Yadda yake aiki shi ne: da kaka manomi ya kawo buhunsa, a duba a tabbatar ya bushe ƙayau, a auna, a rubuta sunansa a jikin buhun da cikin littafi. Ƙungiya ta ba shi wani kaso na farashin ranar, ni ban taɓa yarda a wuce kashi biyu cikin uku ba. Ya je ya kashe gobarar da ta taso masa. Buhun yana nan nasa ne. Da rani ya yi lambu, ko kiwo, ko ƙwadago, ya tara abin da aka ba shi. Ranar buɗe rumbu ya mayar da kuɗin, ya biya ladan ajiya, ya ɗauki buhunsa, ko ya ci da iyalinsa ko ya sayar da tsada. In ya kasa biya, a sayar da buhun a gabansa, a cire haƙƙin ƙungiya, a miƙa masa ragowar a hannu.

Bari in buga maka misali da lissafi, farashin na misali ne kawai, kai za ka sa na kasuwarku. A ce buhun masakwa sefa dubu 15 ne da kaka. Kun ba kowane mai buhu dubu 10. Da miliyan 2 kun riƙe buhu 200 a cikin gari. A ce a watan Agusta ya kai dubu 22. Dubu 7 sau 200, miliyan 1 da dubu 400 ke nan da suka tsaya a gidajen mutanenku a shekara ɗaya, kuma miliyan biyunku sun dawo, suna jiran kaka mai zuwa. Wannan kuɗin da ya tsaya shi ne zai je wurin tela, da mahauci, da mai gyaran babur. Ta nan kasuwa ke fara motsi, daga aljihun 'yan gari.

Ba na mantawa da wata ranar buɗe rumbu a wani ƙauye da ke gindin dutse. An yi ruwa da daddare, mutane sun taru tun da hantsi da amalanke da jakuna. Wata tsohuwa, gwauruwa, ta kwance bakin zanenta ta ƙirgo kuɗi, yawancinsu tsaba, na cinikin ƙuli-ƙuli ne da ta yi ta tarawa tun sanyi. Ba ta iya karatu ba, amma ta shiga ta nuna buhunta da kanta, don ta ɗinka masa wani jan ƙyalle a kunne ranar da ta kawo shi. Ta zura hannu ta damƙo dawar, ta shinshina, ta ciza ƙwaya ɗaya, sannan ta ce wa jikanta ya ɗora. A wannan shekarar ba ta je gidan kowa neman rancen awo ba.

Akwai ramukan da na ga ƙungiyoyi sun faɗa. Na farko makulli. Rumbu ya zama da kwaɗo uku, makullan a hannun mutum uku waɗanda ba 'yan gida ɗaya ba, kuma aƙalla ɗaya mace. Ba a buɗewa sai a ranar da aka sanar, a gaban jama'a. Duk rumbun da na ga ya mutu, da wuya ka ji ɓarawon dare ne ya fasa shi. Wani mai faɗa-a-ji ne ya zo da dare ya ce a ara masa buhu biyu zai mayar, kunya ta hana mai makulli cewa a'a, sai bango ya tsage.

Sai ƙwari. A ɗora buhuna a kan katako, kada su taɓa ƙasa ko bango. Wake kuwa ku sa shi a buhu mai leda biyu a ciki, wanda ake kira PICS. Mutane da yawa ba su san cewa a nan Marwa aka fara gwada wannan dabara ba, a ƙarshen shekarun 1980, tsakanin masu binciken noma na Kamaru da jami'ar Purdue ta Amurka. Ba a sa magani ko kaɗan. A matse iska, a ɗaure leda ta ciki ita kaɗai, a ɗaure ta biyu ita kaɗai, sannan buhun waje. Ƙwaron ya rasa iska ya mutu. Amma in aka riƙa buɗewa ana ɗiba, ko ɓera ya huda, aikin ya lalace.

Sai farashi, wanda ba kullum yake tashi ba. Shekarar da aka yi rabon abincin agaji mai yawa, ko Ofishin Hatsi na gwamnati ya fito da nasa kaya kasuwa, ko aka hana fitar da hatsi waje, buhu na iya tsayawa inda yake. Na taɓa ba wata ƙungiya shawarar ta jira wata ɗaya kafin ta buɗe, farashi ya sauka maimakon ya hau, kuma har yau ina jin nauyin wannan a raina. Shi ya sa nake cewa kada a ba da fiye da kashi biyu cikin uku, kada kuma a cika rumbu da abu ɗaya. Albasa kuwa ku bar ta sai kun ƙware. Tana da riba, amma tana ruɓewa, tana ramewa, tana son rumfa mai iska da mai juya ta kullum yana tsince wadda ta lalace. Ko irin gudami da ke jure ajiya sai an daina ba shi ruwa kafin cira, an bar shi ya sha iska sosai.

Batun kuɗin ruwa dole ya taso, kuma gara ku tashe shi da kanku tun wuri. Malaman da na zauna da su sun nuna mini cewa bashin da ya jawo wa mai bayarwa amfani haramun ne, amma ɗawainiyar kayan jingina tana kan mai kayan. Don haka abin da muke yi shi ne: wanda ya karɓi dubu 10, dubu 10 zai mayar, ladan ajiya kuma na buhu ne, daidai da abin da aka kashe a kan mai gadi, katako da gyaran ɗaki, kuma ɗaya ne ga wanda ya karɓi kuɗi da wanda ya kawo ajiya kawai. Ni ba malamin fiƙihu ba ne. Ku kai wa limaminku tsarin a rubuce kafin ku fara, in ya gyara ku bi gyaransa. In garinku akwai Kiristoci, kamar yadda yake a yawancin garuruwan Mayo-Sava, su ma a zauna da shugabanninsu, su shiga kwamiti. Haka 'yan gudun hijira da suka zauna a cikinku suna noma. Rumbun da aka ce na ɓangare ɗaya ne ba ya kai shekara uku.

Famfo da injin niƙa

Kada ku haƙa sabon famfo alhali biyu na kwance. Ku ɗauko makanikin famfo ya zare sandunan ya duba. Sau da yawa abin da ya kashe famfon hannu irin India Mark II robar cikin silinda ce ta cinye, ko sarƙa ta tsinke, ko bututu ya huje, abin da kuɗinsa bai kai kaso ɗaya cikin ashirin na sabon haƙa ba. Wani lokaci kuma ramin ne ya ƙafe, wannan sai haƙuri. Amma kafin ku gyara, ku tambayi kanku dalilin da ya sa aka bar shi ya kwanta. Amsar kusan kullum ɗaya ce: waɗanda suka gina sun tafi, ba wanda ya ɗauka nasa ne, ba asusun gyara. Ku ware wajen dubu 400 zuwa 500 don gyaran, bisa sharaɗin cewa unguwar da ke shan ruwan ta fara kafa kwamiti ta tara kuɗin wata uku tukuna. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. A bar wa mata riƙon wannan asusu, su ne ke tafiya mai nisa da tulu in famfo ya mutu, ba za su yi wasa da shi ba.

Injin niƙa kuwa, na ga na ƙungiya da yawa, kaɗan ne suka wuce shekara biyu. Wani da na sani yana nan a wani ɗaki, ƙura ta rufe shi, an ɗaure akuya a ƙafarsa. Bel ne ya tsinke da farko, aka je ɗauko kuɗin gyara aka tarar an ranta wa wani ya yi hidimar aure. Inji sana'ar mutum ɗaya ce, mai kwana da tunanin man da ya sha da haƙoran da suka dakushe. In da gaske gari na buƙatarsa, ku nemi saurayi mai hannu da amana, ƙungiya ta saya ta sayar masa bashi da riba sananniya, ya riƙa biya wata-wata har ya zama nasa. Wannan sai shekara ta biyu ko ta uku. Haka za ku iya yi wa mata masu adashi da injin matsar man gyaɗa, da masu lambu da famfo mai aiki da hasken rana, tunda fetur ya zama abin da ya zama.

Takardu da hukuma

Kada kuɗin jama'a ya zauna a asusun mutum ɗaya, ko waliyyi ne. Ku yi rajista. Dokar Kamaru ta 1992 ta ba da damar kafa ƙungiyar haɗin kai da ake kira GIC, sannan dokar 2010 ta OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a ƙasashen Afirka, ta kawo tsarin ƙungiyar gama-kai, wadda mai sauƙin cikinta mutum biyar sun isa su kafa. Wakilin ma'aikatar noma na yankinku zai nuna muku hanya. Ku buɗe asusu da sa hannun mutum biyu ko uku. Ɗakin da za ku yi rumbu, in haya ne ko aro, a rubuta takarda a gaban jauro ko lawan, wato mai unguwa ko dagaci, da shaidu. Shekarar farko ku yi haya, kada ku yi gini. Kowane wata uku a karanta lissafi a bainar jama'a da harshen da kowa ke ji, a kuma ɗauki hoton shafin a tura wa waɗanda suka yi karo-karo. Mutumin da ke tura kuɗi daga Duwala in ya ga lissafi zai ƙara, in ya ji shiru zai janye ba tare da ya ce uffan ba.

Ku je ofishin magajin gari ku nemi kundin tsarin raya ƙaramar hukumarku, irin wanda shirin gwamnati na raya ƙasa, PNDP, ya taimaka aka rubuta wa ƙananan hukumomi. Ku duba abin da aka rubuta wa garinku a ciki. Ruwan sha, rumfunan kasuwa da hanyoyin karkara suna cikin ayyukan da aka miƙa wa ƙananan hukumomi, haƙƙinku ne ku bi su, bai kamata guminku ya tafi a kan abin da ke wuyan hukuma ba. Masu cewa a jira ƙungiyar agaji kuma, ka gaya musu cewa ƙungiyoyin nan in sun zo, mutanen da suka tarar da littafin lissafi na shekara biyu da rumbu cike su suke fara saurara.

Inda shawarata ta tsaya

Ban ga garinku ba, kuma abu mafi nauyi a yankinku ba a hannuna yake ba, ba kuma a naku ba: tsaro. Buhu 200 a ɗaki ɗaya a garin da ake kai wa hari da dare kiran ɓarayi ne. In har yanzu kuna kwana da fargaba, ku raba ajiyar gida biyu ko uku, ko ku kama ɗaki a cikin Mora. Dattawanku da 'yan sintiri sun fi ni sanin wannan. Ba kuma zan ce maka rumbu zai dawo da samarin da suka tafi ba. Abin da na gani shi ne yana rage masu tafiya saboda bashin damina, yana kuma samar da 'yan ayyuka: gadi, awo, dako, rubutu.

Shekarar farko ku tsaya a buhu 80 zuwa 100, don kwamiti ya koyi aikin da abin da in an yi kuskure ba zai karya ku ba, sauran kuɗin su zauna a asusu. Ba a fafe gora ranar tafiya: in masakwa kuke nufi, ɗaki, katako, ma'auni, littafi da makullai su zama a shirye kafin Disamba ta ƙare. Idan samarin nan sun gama ƙidayar mako huɗu, ka turo mini abin da suka rubuta tare da farashin da mata masu awo suka ba ku, mu duba tare mu ga ko da dawa ya kamata ku fara ko da wake.